Ra'ayinmu: Waƙar Tuwo a Ƙasar da Tuwo Ya Yi Wuya

A ƙasar Japan akwai wani kamfanin shayi mai suna Ito En, wanda tun shekarar 1989 yake shirya gasar waƙa kowace shekara. Irin waƙar da ake shiga gasar da ita ita ce wadda suke kira haiku, watau wata 'yar gajeruwar waƙa mai ɗango uku tak, wadda mutum zai iya karanta ta da numfashi guda. A 'yan shekarun nan waƙoƙin da ake aika wa kamfanin sukan kai kusan miliyan biyu a shekara, mafi yawansu daga hannun 'yan makaranta, kuma waɗanda suka yi nasara akan buga su a jikin gorunan shayin, ta yadda mai saye zai jiƙa maƙogwaro ya kuma karanta waƙa a kan kuɗi ɗaya. Ƙasar da duniya ta san ta da ƙera mota da rediyo ke nan, amma duk da haka ba ta ɗauki ɗango uku a jikin gora abin raini ba.

Mun kawo wannan labari ne domin muna da shawarar da muke son miƙa wa 'yan'uwanmu ɗalibai da matasan ma'aikata masu karanta wannan mujalla. Shawarar ita ce, lokaci ya yi da ƙungiyoyin ɗalibai na jami'o'i da kwalejojinmu za su kafa gasar gajeruwar waƙa cikin harshen Hausa, a kan abinci, kuma a fara neman mawaƙan daga arewacin Jihar Zamfara, watau daga Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi da ƙauyukan da ke tsakaninsu irin su Sakajiki. Mun san akwai waɗanda za su yi dariya su ce ɗalibai sun rasa abin yi, har sun koma yi wa tuwo waƙa. To, ga waɗannan muna cewa su yi haƙuri su karanta har ƙarshe, domin a ganinmu babu wani batu da ya fi cancantar a yi masa waƙa a wannan yanki a yau kamar abin da ake sa wa a baki, kuma wanda ya kamata ya ci irin wannan gasa shi ne wanda ya fi kowa faɗin gaskiyar tukunyar gidansu cikin kalmomi kaɗan.

Bari mu fara da ita kanta haikun, don kada mu yi kitso da kwarkwata. Asalinta baitin buɗewa ne na wata doguwar waƙa da mawaƙan Japan kan taru su yi ta karɓa-karɓa. Matsuo Basho, wanda ya rayu daga 1644 zuwa 1694, shi ne ya ɗaga darajar wannan baiti har ya zamanto ana jin sa shi kaɗai a gamsu. Daga baya Masaoka Shiki, wanda ya rasu a 1902 yana da shekara 34 bayan doguwar jinyar tarin fuka, ya raba shi da doguwar waƙar gaba ɗaya, ya kuma tabbatar masa da sunan da aka san shi da shi yanzu. Ma'auninta sananne ne: bugu biyar, sa'an nan bakwai, sa'an nan biyar, jimla goma sha bakwai. Amma ma'aunin shi ne ƙaramin sharaɗi. Babban sharaɗin shi ne a sami kalma ɗaya a ciki wadda za ta nuna wa mai sauraro lokacin shekarar da ake ciki, ba tare da an tsaya yi masa bayani ba, kuma a ajiye abubuwa biyu kusa da juna a bar shi ya haɗa su da kansa. Mutanen Japan har littattafai suke da su na musamman waɗanda suka jera irin waɗannan kalmomi, kowace da lokacinta, kuma da yawa daga cikinsu sunayen abinci ne. Ɗaya daga cikin waƙoƙin Shiki da suka fi shahara, wadda ya yi a 1895, a kan cin wani ɗan itace ne da suke kira kaki, wanda masana tsirrai suka tabbatar ɗan'uwan kanyarmu ne. Ashe ke nan waƙar abinci ba wasan yara ba ce ko a wurin masu abin.

Ba kuma mu ne na farko a Afirka da za mu taɓa wannan salo ba. Ofishin jakadancin Japan a Senigal ya fara gasar haiku tun 1979, kuma a 2016 wasu matasan mawaƙa biyu, Adjei Agyei-Baah na Gana da Emmanuel Jessie Kalusian na Nijeriya, suka fara fitar da mujallar haikun Afirka mai suna Mamba. Sai dai kusan duk wannan aiki da Faransanci da Ingilishi ake yin sa, alhali kuwa in ana maganar harshen da ya dace da taƙaitaccen zance mai nauyi, Hausa ba ta bayan kowa.

Dalili kuwa shi ne, Bahaushe ya daɗe yana yin abin, sunan ne kawai bai sa masa ba. Mene ne karin magana in ba hikimar shekara ɗari a cikin numfashi guda ba? Wanda ya fara cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya ya ajiye ruwa biyu kusa da juna ya bar mu mu haɗa su, kuma ya gama bayanin dangantakar abinci da aiki fiye da yadda wani malamin tattalin arziki zai yi a lacca ta awa biyu. Haka kirari, haka kacici-kacici, haka 'yan gajerun waƙoƙin da mata kan yi a bakin turmi ana lugude ko a kan dutsen niƙa, haka kiran 'yan talla da sassafe. Kalmomin lokacin shekara kuwa, muna da su cike da rumbu. In aka ce tumu, kowa ya san gero ya nuna, kaka ta leƙo. In aka ce tafasa ko kwaɗon rama, an san ana tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai iso ba. Shinge na farkon ruwa ne, garin ɗorawa da mangwaro na bazara ne, rake da magarya na lokacin ɗari ne, kunun tsamiya da ƙosai da almuru kuwa sun isa su tuna wa kowa watan azumi. Babu wanda ya taɓa zama ya jera mana waɗannan kalmomi a littafi ɗaya, kuma yaran da suka tashi a birni sun fara rasa su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai ma wata kusanta tsakanin harsunan biyu wadda ɗaliban sashen Hausa za su gane nan take. Abin da Bajapane yake ƙidayawa a waƙarsa ba gaɓa ba ce yadda Bature ya fahimce ta, nauyin sauti ne: gajeren wasali bugu ɗaya, dogon wasali bugu biyu. Shi ya sa sunan birnin Tokiyo a wurinsu bugu huɗu ne. To, wannan shi ne ainihin abin da malamanmu suke koyarwa game da gaɓa mai sauƙi da gaɓa mai nauyi, kuma shi ne ya sa karuruwan Larabawa irin su Mutaƙarab da Kamil da Rajaz suka zauna daram a bakin mawaƙan Hausa tun zamanin Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u. Tuwo gaɓa biyu ce amma bugu uku, fura ma haka, gero kuwa bugu huɗu. Kunnen Bahaushe ya riga ya saba da wannan awo tun yana goye.

Yanzu sai mu zo ga dalilin da ya sa muka ambaci arewacin Zamfara. Wannan yanki da kogin Gagare da na Bunsuru suka ratsa, tun fil azal ƙasar hatsi ce da dabbobi. Saboda gyaɗa da auduga da sauran amfanin gonarsa ne Turawa suka ja layin dogo daga Zariya ta Funtuwa da Gusau har ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ta yi suna har ƙetaren iyaka, fatake na zuwa mata daga Jamhuriyar Nijar da kudancin Nijeriya. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, noma ta ɗauka ya zama takenta da abin alfaharinta. Mutumin wannan yanki bai saba sayen hatsi da mudu ba, rumbu yake buɗewa. Baƙon da ya sauka kuwa ba a tambayarsa ko zai ci, sai dai a dama masa fura, a kawo masa hoce ko tuwon dawa da miyar kuka, in ya yi kawaici a ce ya raina gida.

Abin da ya biyo baya kowa ya san shi, amma ya kamata a riƙa maimaita shi da shekarunsa don kada ya zama kamar tatsuniya. Fiye da shekara goma 'yan bindiga suna addabar wannan yanki, suna kore shanu, suna satar mutane, har aka kai ga manomi sai ya biya su kuɗi kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya girbe abin da ya shuka da guminsa. A watan Satumba na 2021 hukuma ta rufe kasuwannin mako-mako ta kuma katse layukan waya a jihar na wani lokaci, da nufin toshe wa ɓarayin hanya, amma talaka ma ya ɗanɗana kuɗarsa. A watan Oktoba na wannan shekarar aka afka wa Sakajiki, aka kashe mutane, aka ƙone shaguna. A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitocin nan ta MSF, tare da ma'aikatar lafiya, ta auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 97,000 a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, aka sami kashi 27 cikin ɗari suna fama da tamowa. Watau a cikin kowane yara huɗu, ɗaya da ɗoriya, a ƙasar da a da take ciyar da wasu.

To, a nan ne mai suka zai miƙe ya ce, ai kun ba da kanku. Mutumin da ɗansa ke kwance saboda yunwa, waƙa zai ci? Ba gara ku tara kuɗi ku sayi hatsi ba? Wannan magana tana da nauyi, ba kuma za mu yi mata riƙon sakainar kashi ba. Haƙiƙa waƙa ba ta cika ciki, kuma duk ƙungiyar ɗaliban da ke da halin kai buhu ɗaya na gero sansanin 'yan gudun hijira, ta kai shi yau kada ta jira gobe. Amma yunwa tana da wata ƙawa da ke tafe tare da ita, ita ce mantuwa. Alƙaluman da muka kawo a sama an karanta su a rediyo rana ɗaya, washegari wani labari ya danne su. Kashi 27 cikin ɗari ba shi da fuska, ba shi da suna, ba ya hana ma'aikaci barci. Abin da ke zama a zuciya shi ne ɗan ƙaramin abu da ido ya gani: murhun da kaza ta kwanta a cikinsa da tsakar rana, ko uwar da ta ɗora ruwa a wuta don yara su ɗauka girki ake har barci ya kwashe su. Wannan kuwa aikin mawaƙi ne, kuma ɗango uku sun ishe shi.

Kakanninmu sun san wannan. Duk babbar yunwar da aka yi a ƙasar Hausa sai da suka raɗa mata suna, don kada ta wuce ba shaida. Ta 1914 suka kira ta Kakalaba. Wata da aka yi a shekarun 1940 aka sa mata 'Yar Gusau. Tsofaffi da sunan suke lissafin shekarun haihuwa da na aure. Kalma ɗaya ta riƙe shekara guda da duk wahalarta, ta miƙa wa jikoki. In mutanen da ba su yi boko ba suka iya wannan, mu da muke kwana a ɗakin karatu mene ne uzurinmu? Kada kuma a manta, yankin da muke magana a kai gidan waƙa ne. Daga Tubali Ibrahim Narambaɗa ya fito, wanda har gobe masana suke tona zurfin Hausarsa. Zurmi ta ba mu Kassu, makaɗin maza. Ƙasar Zamfara ta ba mu Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru. Jikokin waɗannan ba su rasa baki ba, filin da za su yi magana ne ba a ba su ba.

Wani mai sukan zai ce, to me ya kai mu aron salon Japan, muna da ƙwar biyu da ƙwar biyar namu na gado? Amsarmu ita ce, su ma waɗannan ai da aro aka fara su, daga Larabawa, har suka zama 'yan gida. Masarar da muke tuƙawa da rogon da muke dafawa daga nahiyar Amurka aka kawo su, yau wa zai ce tuwon masara ba abincin Bahaushe ba ne? Abin da muke so mu ara ba kayan Japan ba ne, ladabin taƙaitawa ne. Rubutacciyar waƙarmu, duk da girmanta, tana da wata al'ada ta tsawaitawa: a buɗe da addu'a, a yi baiti hamsin ko ɗari, a rufe da sunan mai waƙa da ramzi. Wannan tsari ya haifar da manyan ayyuka irin su Imfiraji ta Aliyu Namangi da Waƙar Damina ta Na'ibi Sulaiman Wali, kuma babu mai neman a taɓa shi. Sai dai yana tsorata mai koyo, yana kuma ba malalacin mawaƙi wurin ɓuya, domin a cikin baiti sittin ana iya cusa ashirin na ciko ba a lura ba. A ɗango uku babu maɓoya. Ko dai ka ga wani abu da idonka, ko kuwa ba ka gani ba.

Don kada maganarmu ta zama fatar baki, ga wani ɗan misali da muka gwada a teburin editoci:

Gero ya nuna,
Mai gona yana ƙaura,
Tsuntsu na girbi.

Ba mu ce ta isa cin gasa ba, mun kawo ta ne don nuna hanya. Kalmar lokaci tana nan, gero ya nuna, kaka ke nan. Ba a ambaci bindiga ba, ba a zagi kowa ba, ba a ce wayyo ba. Mai karatu shi zai tambayi kansa abin da ya raba mai gona da gonarsa a daidai lokacin da bai kamata ya matsa ko nan da can ba, shi zai kuma zaɓa ko ƙaurar tashi ce ko kuwa garin Ƙaura ne mutumin ya fake. In aka ƙidaya gaɓoɓi za a sami biyar, bakwai, biyar, amma in da awon Japan za a bi, bugun zai kai wajen talatin. Wannan ya nuna cewa tilasta wa Hausa lissafin goma sha bakwai aikin banza ne. A bar kunne ya yi hukunci, a riƙe ɗango uku da numfashi guda.

Game da ita kanta gasa, tarihin adabinmu ya isa shaida cewa ba ƙaramin makami ba ce. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, watau tushen ƙagaggen labari na boko gaba ɗayansa. Gasar kamfanin NNPC na Zariya ita ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda aka buga a 1980, marubuciyar da ta daɗe tana zaune a Gusau. Gasar Sashen Al'adu na Tarayya ta ba mu Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, waɗanda aka buga a 1982. Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata a 2016, ga shi kuwa ta fito da marubutan da da ba a san da su ba. Kowace daga cikin waɗannan ta tarar da mutane masu abin faɗa suna zaune shiru, ta ba su dalilin ɗaukar alƙalami. Sai dai in an lura, kusan dukkansu na zube ne, kuma dukkansu sai wanda ya yi makaranta mai zurfi yake da lokacin cika shafuka. Ɗango uku kuwa, mai tallar fura za ta iya, ɗan aji uku na sakandare zai iya, tsohon da ke sansanin gudun hijira zai iya faɗa a rubuta masa.

Amma gasa tana da cututtukanta, kuma wajibi ne mu ambace su tun kafin a fara, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Cuta ta farko ita ce roƙo. Da zarar wani mai kuɗi ko ɗan siyasa ya ba da kyautar, sai ka ga waƙoƙin sun karkata zuwa yabonsa, a ce an ƙoshi alhali ba a ƙoshi ba. Ta biyu ita ce sanayya, alƙali ya duba sunan mai waƙa da garinsu kafin ya duba waƙar. Ta uku ita ce sata, ko daga littafin wani ko daga na'urorin zamani da ake ba umarni su harhaɗa kalmomi. Ta huɗu, wadda ta fi ba mu tsoro, ita ce mai da wahalar mutane kayan ado, ɗan birni da bai taɓa kwana da yunwa ba ya zauna ƙarƙashin fanka ya yi ta zuba hawayen aro don ya ci kyauta.

Saboda haka muna ba da shawarar waɗannan sharuɗɗa ga duk ƙungiyar da za ta ɗauki wannan aiki. Na farko, a cire sunaye kafin waƙoƙi su isa hannun alƙalai, kuma duk wanda ya aiko daga ƙauyen da ke cikin hatsari a ba shi damar sakaya sunansa ko da ya ci, domin rai ya fi kyauta. Na biyu, a karɓi waƙa da boko, a karɓa da ajami, a karɓa da murya ta waya, don kada rashin takarda ya hana mai fasaha shiga. Na uku, kada a gyara wa kowa karin harshensa. Wanda ya ce hura a bar masa hurarsa, domin Hausar Zamfara ba kuskure ba ce da za a kai Kano a wanke. Na huɗu, a cikin alƙalai, bayan malaman jami'a, a sa manomi ɗaya da dattijuwa ɗaya wadda ta yi shekaru a bakin murhu, domin su ne za su gane wanda ya sa tumu a bazara ko ya dafa abin da ba a dafawa. Na biyar, kada a hana waƙar daɗi. Wanda ya tuna ƙamshin daddawa a miyar kakarsa, ko sanyin fura da nono a inuwar gawo bayan an tashi daga huɗa, shi ma shaida yake bayarwa, shaidar abin da aka raba mutane da shi. Raha ma tana da wuri, ɗalibin da ya yi wa garin kwaki da garau-garau waƙa a ƙarshen zango ya san abin da yake faɗa.

Wane ne ke nan ya ci? A ganinmu, wanda waƙarsa ta sa alƙali ya ajiye alƙalami ya yi shiru. Ba a neman kalmomi masu wuya ko Larabci mai yawa. Ana neman abu ɗaya da aka gani da gaske, aka faɗe shi daidai, babu ƙari babu ragi. Kyautar kuwa kada ta zama ta alfahari. Buhun gero ya ishi na ɗaya, ya kai gida a ci. Babbar kyautar ita ce a buga waƙoƙi ɗari mafiya kyau a ɗan littafi, a karanta su a gidajen rediyo na Gusau da Sakkwato da Kaduna, a kuma jera kalmomin lokutan shekara da suka fito a ciki, ya zama harsashin littafin da muka ce ba mu da shi. Bayan shekara hamsin, in Allah ya kawo zaman lafiya, wanda yake son sanin abin da mutanen Sakajiki suka ci da abin da suka rasa a waɗannan shekaru, zai same shi daga bakinsu.

Kiranmu na ƙarshe ga 'yan'uwa ne. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, ku ne kuka fi kusa, kuna jin abin da mu sai dai a ba mu labari. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello, musamman ƙungiyoyin Hausa, kuna da malamai da ɗakunan taro da mujallu. Ku kuma matasan ma'aikata, waɗanda fayilolin noma da lafiya da agaji suke bi ta teburinku, muna so ku karanta waɗannan waƙoƙi in sun fito, ko da ɗaya ce kafin ku sa hannu a takarda, domin ku tuna cewa a bayan kowane adadi akwai tukunya da masu jiran a sauke ta. Shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga duk wanda ya fara gwadawa, kuma za mu ware fili a fitowa ta gaba domin waɗanda suka iso.

Allah ya mai da manoma gonakinsu, ya cika rumbunan da suka bushe, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, amin.